Shekarar da Aka So Sayar da Jar Mota

Na san abin da ake faɗa muku a kaina. Ana cewa Falmata ce ta miƙe a gaban jama'a ta tona wa mijin ƴarta asiri, ta raba shi da aikinsa, don kawai a riƙa cewa ita mai gaskiya ce. Har yau akwai dangin mahaifinku da in an ambaci sunana sai su taɓe baki. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga tushe ba, domin lokacin da abin yake da zafi yawancinku yara ne, da kuka girma kuma kowa ya riga ya ji daga wani bakin. Yanzu ƙafa ta ƙi kasuwa, ido ma ya soma gardama, shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna tun ina ganin layi. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da nake zato kuma zan ce zato ne.

Sana'ata kun san ta: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ina tarawa a wurin mata ina kaiwa Damagaram. Matan da muke adashi tare su ne suka tsayar da ni takara, aka zaɓe ni konsaye, wato wakiliya a majalisar ƙaramar hukumarmu, garinmu da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Da aka zo rabon aiki sai aka jefa ni cikin masu kula da kasafin kuɗi, wanda mu a nan muke ce wa bidje. Magajin gari na lokacin ya ce ai ƴar kasuwa ce, ta san shiga da fita. Daga baya na gane cewa sun ɗauka mace mai ɗan karatun yaƙi da jahilci za ta zauna ne ta ɗaga hannu in an ce a ɗaga.

Garinmu yana da abin da maƙwabtanmu ba su da shi: motar kashe gobara. Wani gari ne na ƙasar Turawa da muke zumunci da shi ya aiko mana da ita kyauta, tsohuwa ce amma da ƙarfinta, ja wur, da ƙaton tankin ruwa a bayanta. Ranar da ta iso har kiɗa aka yi. Ana ajiye ta ƙarƙashin bishiyar bedi a harabar ma'aikatar magajin gari, ta kuma taɓa ceton rumbunan wani ƙauye da rumfunan masu sayar da tabarma a kasuwa. Direbanta shi ne Isufu, mijin yayarku Zara. Mahaifinku, Malam Ari, shi ya nema masa aikin, domin fada ɗaya suke shan shayi da mutanen magajin gari. Ban da motar, muna da ƴan sandan gari, waɗanda hukumarmu ke biya daga aljihunta, su ne masu tsaron kasuwa da tasha. Shugabansu wani tsohon soja ne, Sarjan Mamman.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba. Manoma ba su samu na ci ba balle na lanho, wato haraji, samari suka watse neman kuɗi, kasuwa ta koma rabi. Bayan kaka aka kira mu zaman bidje. Sakataren hukuma ya miƙe da takardunsa ya yi ta karatu da Faransanci, sannan ya juyo ya fassara mana da Hausa. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne, karatun ya yi tsawo ƙwarai, fassarar kuwa ba ta kai ko rubu'insa ba. Abin da muka ji dai shi ne, asusu ya bushe, dole a rage kashe kuɗi, kuma wuri biyu aka ga za a taɓa. Za a sallami rabin ƴan sandan gari. Jar mota kuma za a sayar da ita, domin wai ta lalace, gyaranta da man gazuwal ɗin da take sha suna cinye hukuma. In gobara ta tashi sai a kira pompiye, masu kashe gobara, daga Damagaram.

Na san nisan Damagaram, na kuma san yadda wuta ke cin rumbun kara. Na ɗaga hannu.

"Mai girma magajin gari, ni ban gane abu ɗaya ba. Motar da ta lalace, take tsaye, yaya aka yi take shan gazuwal?"

Ya yi dariya, wasu suka taya shi.

"Hajiya Falmata, mota ba tukunyar mai ba ce da za a rufe a ajiye. Sai ana tayar da ita ana ɗumama inji."

"To ɗumamar nan kuwa tana da ci," na ce.

Ba a yanke komai ba ranar, domin wakilan ƙauyuka da yawa ba su zo ba. Aka ɗage zaman. Tun daga ranar kuwa gidana ya soma samun baƙi irin waɗanda bai saba gani ba.

Ta farko matar Alhaji Sanda ce. Alhaji Sanda kun san shi, shi ne mai motocin sayar da ruwa, kun kuma san abin da ruwa yake a ƙasar Damagaram, inda famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, mai tanki kuwa ya fi mai kanti samu. Matar nan ba mu taɓa wuce gaisuwar biki ba, sai ga ta da turmin atamfa da sukari, wai ta tuna da ni ne kawai. Muna cikin hira ta ce ai Alhaji yana tausaya wa hukuma, in ta rasa mai kwashe mata wannan tarkacen ƙarfen shi zai daure ya saya. Da ta fita na mayar da kayan cikin ledarsu, washegari na kai mata da kaina, na ce launin bai karɓe ni ba.

Na biyu Sarjan Mamman ne. Ya zo da hantsi, ya ƙi shiga, ya tsaya a zaure yana juya hularsa a hannu.

"Hajiya, yarana ba su yi laifin komai ba. In aka kore su, ranar kasuwa wa zai tsare wa mata kayansu? Ke kanki kin san abin da ake yi a tasha."

"Na sani, Sarjan. To amma kuɗin fa?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Kuɗi suna nan, ba su dai shiga inda ya kamata. Ranar Talata da Alhamis ki leƙa ƙarƙashin bedi ki ga ko motar da ta lalace tana wurin."

"In ka san wani abu ka faɗa mini kai tsaye."

"Ni ƙaramin ma'aikaci ne. Kuma maganar ta fi kusa da gidanki bisa gidana."

Ya tafi ya bar ni da wannan. Shi ma ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin mutumin da ke neman ceton yaransa zai so a juya ido wani wuri. Amma kalmarsa ta ƙarshe ta zauna mini. Sai na soma lura da abubuwan da a da nake gani ban kula ba. Shekara ce ta yunwa, albashin ma'aikatan hukuma yana makara, amma gidan Zara ana ɗora nama. Ta sake labule, ta yi wa yara sababbin takalma. Na tambaye ta, ta ce Isufu yana ɗan gyaran babura a gefe. Ban taɓa ganin baƙin mai a hannun Isufu ba. Ranar Talata na bi ta ma'aikatar kamar mai wucewa, babu mota. Mai gadi ya ce an ja ta wurin mai gyara. Na dubi ƙasa, ban ga sawun motar da ta ja ta ba, sawunta ne ita kaɗai.

Na kai maganar wurin mahaifinku bayan la'asar, yana zaune yana auna dawa.

"Malam, motar nan anya lalacewar gaske ta yi?"

Bai ɗago ba.

"Ke makanikiya ce? Waɗanda suka san mota sun ce ta mutu. Ki ɗaga hannu kamar kowa ki dawo gida."

"In aka sayar ai Isufu ya rasa aiki."

"Ba zai rasa ba. Wanda zai saya zai buƙaci direba."

Ban gaya masa ko wane ne mai sayen ba, a majalisa ma ba a ambaci suna ba. Amma gari ƙarami ne, fada kuma babu abin da ba a tattaunawa a cikinta, sai na bar abin a haka.

Ban fita neman motar ba, wannan ina so ku sani. Ranar wata Alhamis na kai man gyaɗa unguwar Zango a Damagaram wurin masu sarina, muka gama ciniki, na hau kabu-kabu zai kai ni tasha. Hanya ta cushe, sai mai babur ya yanke ta bayan gari, inda ake ta sababbin gine-gine. Muna karya kwana na hango ja. Tana tsaye a gaban wani kangon bene, an ja tiyo daga bayanta ana cika wa masu buga bulo tafki, mata da yara kuma sun yi layi da bidon-bidon ɗinsu, wato jarkoki, wani mutum yana karɓar kuɗi. An lulluɓe rubutun da ke jikin ƙofarta da buhu. Injinta yana ruri lafiya lau. Isufu yana zaune a inuwar taya yana cin rake.

Na ce wa mai babur ya tsaya. Tun da Isufu ya auri Zara ban taɓa tsayawa na dube shi ido da ido ba, shi ma in ya gan ni durƙusawa yake daga nesa, kai a ƙasa. Ranar na ajiye kunyar surukuta na taka har gabansa. Raken ya faɗi daga hannunsa.

"Inna... sannu da zuwa."

"Wannan ce motar da ta lalace?"

"Inna, aiko ni aka yi."

"Wa ya aiko ka?"

"Manya ne. Ni ɗan abin cefane kawai ake ba ni, wallahi."

"In wuta ta tashi a garinmu yanzu, a wannan sa'ar, me za ka kai musu? Bulo?"

Na sake tambayarsa sunan wanda ya aiko shi, ya ce an sa shi ya rantse. Mai karɓar kuɗin ya matso yana tambaya ko lafiya, na gane shi, yaron Alhaji Sanda ne. Na koma kan babur. A hanya na yi ta haɗa abin: ana zuba mata gazuwal da kuɗin talakawa, ana sayar da ruwa da ita kuɗin yana shiga wani aljihu, ana rubuta mata kuɗin gyaran da ba a yi ba, sannan yanzu za a sayar da ita a farashin tarkace ga mutumin da ya riga ya san lafiyarta. Don a cike gibin kuma za a kori masu tsaron kasuwa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Zara a ɗakina da goyo, idonta ya yi ja.

"Inna, don Allah ki rufa mana asiri. In kika faɗa shi za a kama, ba manyan ba. Kin san ba za a taɓa su ba."

"Zara, in na yi shiru aka sayar da motar, wuta ta ci gidan wani da ƴaƴansa, ina zan sa kaina?"

"Ƴaƴan wani kike tunani. Waɗannan fa? Ba jikokinki ba ne?"

Mahaifinku ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba mai ɗaga murya ba ne.

"Falmata, ki ƙi yarda a sayar in kin ga dama, amma kada ki ce kin ga komai. Ki ce dai ba ki gamsu ba. Wannan ya isa."

Na yi tunanin hakan, na yi ta juya shi kwana da kwanaki. Amma na san majalisarmu. Rashin gamsuwar mace ɗaya ba zai hana hannuwa tashi ba, musamman da na ji cewa ba gidana kaɗai aka kai atamfa da sukari ba. Abin da zai tsayar da su shi ne abin da ido ya gani. Na aika wa Isufu cewa ya zo zaman ya faɗi da bakinsa, ya ambaci wanda ya sa shi, ni kuma zan tsaya masa. Bai zo ba, bai kuma aiko da amsa ba.

Ranar zaman ɗakin ya cika, har da masu leƙe ta taga. Sakatare ya sake karatunsa. Da aka zo ɗaga hannu na miƙe na ce ina da magana. Na faɗi ranar, na faɗi unguwar, na faɗi buhun da aka rufe rubutu da shi. Wani daga mutanen magajin gari ya ce jajayen motoci ai suna da yawa a duniya, ta yaya na san tamu ce.

"Na san direban," na ce. "Mijin ƴata ne."

Wani tsoho, wakilin ƙauyen da motar ta taɓa ceto wa rumbuna, ya ce a fita yanzu a tayar da ita kowa ya gani. Muka ɗunguma ƙarƙashin bedi. Aka nemi makulli aka rasa, sai Sarjan Mamman ya je ya zo da shi, ban san daga ina ba, har yau kuma ina mamakin yadda ya san wurin. Murɗawa ɗaya ta tashi. Magajin gari ya riƙe baki, ya yi salati, ya ce an ci amanarsa. Na dube shi sosai lokacin. Ko dai ya iya wasa ƙwarai, ko kuma da gaske bai sani ba. Ban iya rabewa ba.

Da muka koma ciki na ba da shawarata. Na ce tunda motar tana iya samo kuɗi, to ta samo wa hukuma a fili: a ware ranakun da za ta sayar da ruwa a cikin garinmu kaɗai, kada ta yi nisa, kada kuma tankinta ya kwana babu ruwa, abin da aka samu a biya ƴan sandan gari da shi. In bai isa ba a rage kuɗin zaman da ake ba mu mu konsaye, da na tafiye-tafiyen manya. Maganar kuɗin zama ta jawo mini harara fiye da maganar motar. An dai amince ba za a sayar ba. Kuɗin zama ba a taɓa shi ba. Ƴan sanda kuma an rage su duk da haka, sai dai ba rabi ba. Aka ce za a yi bincike, aka naɗa masu binciken daga cikin abokan fadar magajin gari. Abin da binciken ya gano shi ne Isufu, shi kaɗai. Aka sallame shi, aka ce an yi masa sassauci da ba a kai shi gaban alƙali ba.

Abin da Zara ta faɗa shi ya faru. Babu babban da aka taɓa. Alhaji Sanda ya ci gaba da gaishe ni a hanya da fara'a kamar babu abin da ya wuce. Isufu ya kasa zama a gari, ya tafi arewa wurin haƙar zinariya, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa Agadas. Zara ta tafi ba ta yi mini sallama ba. Ta haihu a can har sau biyu, a bakin mutane na ji. Masu sayen mai da yawa a garinmu suka janye, domin matan ma'aikata ne. Da zaɓe ya zagayo ba a sake tsayar da ni ba. Motar ta yi wasu shekaru tana aiki, ta kashe wutar da ta tashi a layin masu tuya, ta kuma makara a wata gobarar ƙauye inda aka yi asarar dabbobi. Majalisar da ta biyo bayanmu ta sayar da ita a wani zama da ba a sanar da kowa ba. Mahaifinku bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Mun ci gaba da zamanmu lafiya, yana kula da ni, ina kula da shi, har ciwon da ya ɗauke shi.

Isufu da Zara sun zo ta'aziyya. Ya rame, ƙurar ramin zinariya ta kama masa ƙirji, yana magana yana tari. Washegarin addu'ar uku, da rana, mutane sun ragu, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da nake takaba. Muka gaisa. Na ce masa yanzu shekaru sun wuce, magajin garin ya sauka, motar ta tafi, babu wanda za a kama. Ina so in sani kafin in mutu.

"Isufu, wa yake aikenka?"

Ya dubi tabarma, ya ce:

"Inna, wanda ya haɗa ni da Alhaji, wanda kuma yake karɓar kason gidan nan, shi ne wanda aka kai makwancinsa, maigidanki. Shi ya sa ni rantsuwar. Ya ce kada ki taɓa ji."

Ban ce masa ƙarya yake ba, ban kuma ce na yarda ba. Na zauna ina tuna shekarar nan ta yunwa, yadda buhun gero bai taɓa yankewa a gidanmu ba alhali cinikin hatsin da mahaifinku yake yi ya mutu, ni kuma ina ci ina godiya ban tambaya ba. Sannan na tuna cewa mutumin da ke gabana ya daɗe yana riƙe da ni a zuciya, kuma ya zaɓi ya ɗora kayan a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Alhaji Sanda ya rasu, Sarjan Mamman ya rasu, babu sauran wanda zan tambaya.

Ban rubuta wannan don ku rage wa mahaifinku addu'a ba. Ni ban rage ba. Na rubuta ne don ku san iyakar abin da na sani, kada wani ya ƙara muku, kada kuma ya rage. Ranar dai na ce wa Isufu ya tashi ya je ya ci abinci, ya turo mini matarsa. Zara ta shigo ta zauna can nesa kusa da ƙofa, ƙaramar ƴarta tana laɓe a bayanta. Na tambayi sunan yarinyar, domin ban sani ba. Zara ta tura yarinyar gabana ta ce mata, "Je ki gaya wa kakarki da bakinki."